Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Amalanken Kawu

Satin da ya wuce na tsaya a inda aka kawo ni Maradi amarya, na ce yau zan ba ku labarin zamana da uwargidata a Bagalam. Ku yi haƙuri, wannan sai wani jiƙon. Ranar Talata aka yi sunan jikata, Gwaggo ta zo daga ƙauye, ta karɓi jaririyar ta ɗora a cinya, ta dubi 'yata da ke zaune a karkace saboda ɗinki, ta ce: "Mu dai matan gidanmu a ɗaki suke durƙusawa." Tun daren nan ban yi barcin kirki ba.

Shekara biyu kafin yunwar 2005 na fara jin maganar nan daga bakinta. Da damina ne, gero ya kai ƙugu. Ƙanwata Auta ta dawo gida goyon ciki, shekararta goma sha shida, cikin fari. Inna ta riga ta rasu, don haka Gwaggo ce uwa a gidan. Ni kuwa na je ne da goyo, 'ya'yana biyu duk a asibitin haihuwa na nan birni na haife su, da katin awona da komai. Ina ganin ƙafafun Auta na san da magana: sun kumbura, in ka danna yatsa sai ya bar rami. Ko sau ɗaya ba ta je awo ba. Ƙauyenmu yana can ƙasar Dakoro, bayan Kornaka, wanda bai san wurin ba ba zai gane abin da ake nufi da nisa ba. Tafiyar da mota za ta yi a ɗan lokaci kan kwalta, a rairayin nan sai ta cinye wuni.

Naƙuda ta fara daren Lahadi. Auta ba ta gaya wa kowa ba sai da gari ya waye, kunyar fari. Aka kira ungozoma, aka kawo rubutu, aka jiƙa saiwoyi. Da la'asar na ce a tafi likita. Gwaggo ta ce wai na je birni na koyo rashin ta ido, ita ta haifi tara ba ƙaton da ya taɓa ganin gwiwarta, matan gidanmu a ɗaki suke durƙusawa. Baba ya ce yarinya matar wani ce, sai an ji daga bakin mijinta. Lokacin ina waya? Yaro aka tura kan jaki.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko maigidana. Jika goma sha biyu ne ƙulle a bakin zanena, kuɗin da na tara don kayan barka da atamfar fitar suna. Litinin ɗin akwai motar kasuwa da ke wucewa ta ƙauyen da ke kusa da mu. Da na miƙe na tafi na tare ta, da an sami abin ɗaukar Auta tun da sauran ƙarfinta. Ban tafi ba. Tsoron bakin Gwaggo na ji, da na a ce ɗiyar wane ta take maganar ubanta. Kuɗin nan daga baya da su aka sayi gero da sukari na sadakar uku.

Daren Talata jijjiga ta kama ta. Sai a lokacin kowa ya tashi. Kawu, Allah ya jiƙansa, bai tsaya neman izinin kowa ba, ya ɗaura sa a amalanke, muka shimfiɗa tabarma da bargo. Akwai ƙaramin ɗakin likita da aka gina ba da daɗewa ba, irin waɗanda aka yi ta ginawa a ƙauyuka zamanin Tandja. Yaron da ke wurin bai yi mana laifi ba. 'Yan watanni aka koya masa aiki, abin da ke hannunsa maganin zazzaɓi ne da tocila. Ya haska fuskarta ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, mu wuce CSI, wato ɗakin likitan da ya fi nasu girma. Muka wuce. Sau biyu ƙafar amalanke tana nutsewa a laka, ni da Kawu muna turawa, Gwaggo tana sama ta rungume kan Auta. Wannan ba zan ɓoye ba, ita ta riƙe ta duk daren, tana yi mata tofi.

Da hantsi muka isa. Manjo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ya ce kan ɗa ba zai fita ba sai an yi aiki, aiki kuwa sai Maradi. Ya sa mata ƙarin ruwa, ya kira motar asibiti, aka ce sai an biya kuɗin mai. Nan na kwance bakin zanena, amma kafin in ƙirga Kawu ya riga ya jinginar da sansa ga wani mahauci, ya ce in ajiye nawa, can gaba za a nemi na aiki. A lokacin har tiyatar haihuwa biya ake yi. Motar ba ta zo ba sai bayan azahar, hanyar Dakoro kuma ba a zuba mata kwalta ba tukuna. Ni aka ba ledar ruwan in ɗaga sama, don ba wurin ratayewa. Na ɗaga har hannuna ya mutu. Ashe tun kafin Tibiri ta cika. Gwaggo ta sani, ta shafe mata ido a hankali ba ta ce min komai ba, ni kuwa ina riƙe da leda har muka shigo gari.

Wurin zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni musulma ce. Sai dai na zauna a birni na zauna a ƙauye, na ga inda aka fi yawan faɗin haka a kan masu ciki. Ƙaramar 'yata da ke karatun aikin jinya ta taɓa karanto min wani bincike na 2012: a biranen Nijar, cikin haihuwa 100, wajen 83 a hannun ma'aikacin lafiya ake yin su, a karkara kuwa 21. Ta ce a lissafin nan macen jihar Maradi tana haihuwa fiye da takwas, ta Yamai biyar da ɗoriya. Wato inda aka fi durƙusawa nan aka fi rasa mai tarba. Na ce mata ba sai da takarda ba, ni na tura amalanke.

Ƙarshen 2005 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A rediyo na ji ina tankaɗe, na ajiye rariya na shiga ɗaki. Alheri ne, ban musa ba, 'yata ma da shi ta amfana, ko da yake sai da aka rubuto mana takardar magani muka saya a waje. Daga gidanmu zuwa asibiti kabu-kabu ya kai ta, ko shayin da aka ɗora bai tafasa ba. Amma kyautar ta wadda ta iso ƙofar ɗakin tiyata ce. Sa da amalanke da kuɗin mai ba su cikin doka.

Ita kuma Gwaggo, da bakinta ba ya gajiya da matan gidanmu, jikarta ta cikinta kwana uku ta yi tana naƙuda, ɗa ya zo ba rai, ta tashi da yoyon fitsari. Miji ya aiko da takarda. Shekara biyu tana ɓuya a bayan ɗaki, ko biki ba ta zuwa, sai da aka buɗe asibitin masu wannan lalura a Danja a 2012 aka kawo ta. A gidana suka sauka. Gwaggo da kanta ta yi jinyarta har aka ɗinke ta ta warke, likitan da ya yi aikin kuwa namiji ne. Wannan ba ta taɓa tayar da zancensa a taro ba, ni ma ban tayar ba, sai yau.

Ranar Talatar da ta maimaita maganar, na buɗe baki zan amsa mata, sai ta tambayi sunan yarinya. Aka ce sunan Auta aka mayar. Ta yi shiru tana gyara wa jaririyar hula, can ta ce a ba ta ruwa ta sha. Washegari da asuba ta ce a kai ta tasha, wai ta bar awaki ba mai kula.

San Kawu ba a fanso shi ba. Daminar da ta biyo da hauya ya yi noma shi da 'ya'yansa, sai ga fari da fara, sai yunwa. Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu koma Bagalam.