Abin da kaji suka yi min bayan ritaya, da yadda na koma wa tumaki

Litinin ta farko bayan na ajiye aiki, wallahi ƙarfe bakwai da rabi na riga na yi wanka na zura kaftani na kafa hula, sai da hannuna ya kai kan mukullin mota sannan Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce "Malam ina zuwa haka da sassafe?" Na tsaya ina kallonta. Babu inda zan je. Na koma na zauna a falo da hular a kaina har wajen ƙarfe goma, kunya ta hana ni cirewa.

Na kama aikin gwamnati a 1986, na fita farkon 2021, shekara 35 cif, don dokar ita ce ko ka cika 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa shi ke sallamarka. Ni shekarun aikin ne suka riga, ban kai 60 ɗin ba, da sauran ƙarfina. Malaman makaranta su an ƙara musu zuwa 65 ko 40 a dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022, a lokacin har na ɗan ji haushi na ce ina ma koyarwa na yi, amma yanzu ban sani ba ko ƙarin shekara biyar ɗin ma da zai sa in shirya. Don gaskiya ba lokaci ne ya yi min kaɗan ba, tun ranar da na karɓi takardar kama aiki na san ranar fitata, kawai dai mutum ne ba ya son kallon wajen.

Abin da ya fara duka na ba ma kuɗi ba ne, waya ce. Wayar da a da sai na kashe ta in zan ci abinci, sai ga shi ana wuni ba ta yi ƙara ba sai saƙon kamfanin layi, har na kan ɗauka in duba ko sabis ne babu. Mutanen da ke cewa "ranka ya daɗe, Yallaɓai" suna rusunawa, wata uku kacal na koma wani aiki ofis ɗin, wani yaro da ni na sa hannu a takardar ɗaukarsa ya ce min "Baba ɗan zauna a benci tukuna, oga yana mitin." Ban ga laifinsa ba fa, haka ni ma na yi wa tsofaffin da suka riga ni, ranar ne dai na gane cewa kujerar ake gaisarwa.

Sai maganar haƙƙi. Mu da muka fara aiki tun kafin dokar fansho ta 2004 ta zamanin Obasanjo, kuɗinmu kashi biyu ne, akwai na tsohon tsari wanda aka lissafa mana na shekarun da muka yi kafin dokar, akwai kuma wanda aka riƙa yanka daga albashi ana zubawa a asusu wajen kamfanin fansho, wanda bayan gyaran 2014 ya zama kashi 8 daga ma'aikaci kashi 10 daga mai ba da aiki. Sai an haɗe su wuri ɗaya sannan a lissafa maka dunƙulen da za ka karɓa a hannu, ragowar kuma ka zaɓa, ko kamfanin ya riƙa tsakura maka duk wata ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya riƙa biyanka har ƙarshen rai. A takarda abin gwanin sha'awa. A ƙasa kuwa wata goma sha uku na yi babu albashi babu fansho, ina yawo da fayil a leda, yau a ce hoton fasfo ya tsufa gobe a ce ranar haihuwar da ke katin ɗan ƙasa ba ta yi daidai da ta fayil ba, kuma da gaske ba ta yi ba, bambancin wata biyu ne da wani ya rubuta ba daidai ba tun ina saurayi ban taɓa kula ba. Wannan wata biyun sai da ya ci min kusan wata huɗu ana gyara. Duk wanda ya rage masa shekara biyu ko uku ya fita, don Allah tun yanzu ya jera takardunsa a tabarma ya duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya, kada ya bari sai ba shi da albashin kuɗin mota. A watannin nan sana'ar Hajiya ta sayar da zannuwa da atamfa a cikin gida ita ta riƙe mu, sana'ar da na daɗe ina yi wa kallon abin rage zaman banza.

To kuɗi suka shigo a Fabrairun 2022, kuma ban taɓa ganin adadi irin wannan a asusuna lokaci ɗaya ba. Nan fa 'yan shawara suka fito kamar an buga musu ganga. Wannan ya ce sayi Adaidaita Sahu biyu ka ba yara su riƙa kawo maka balas, wancan ya ce fili, wani ya ce ai ka fara sauke farali ka je Makka tukuna. Ni kuwa kaji ne suka shiga raina, saboda wani abokina a majalisa ya yi min lissafi a bayan takardar magani, ɗan tsako kaza, buhun abinci kaza, sati shida zuwa bakwai ka sayar, ga riba. Lissafin ya yi kyau ƙwarai, abin da babu a cikinsa kawai shi ne mutuwa.

Na gina keji a filin da ke bayan gida, rufin kwano, ban ɗaga shi sama sosai ba don in rage kuɗin bulo. Na yi odar 'yan tsaki 500 na gidan gona masu nama, irin waɗanda ake lodowa daga Ibadan, na auna su iso tsakiyar Maris don su isa yanka daidai ƙaramar sallah da ta faɗo farkon Mayu. Wato ni da wayona na zaɓi su girma a cikin Afrilu, watan da ko mutum ma neman inuwa yake, ga azumi. Sati uku na farko lafiya lau, ina kwana ina tashi duba su, na yi musu rigakafin Gumboro da Lasota yadda aka ce. Da suka yi nauyi sai zafi ya sauko, kazar nan ba ta gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki ta baje fukafukai, kuma wadda ta fi ƙiba ita ke fara faɗuwa. Ba wuta balle fanka, ruwan tankin da ke rana ya zama kamar na shayi ni ban ma san ba sa shan ruwa mai ɗumi ba. Wata ranar tsakanin azahar da la'asar na kwashe matattu 43, da azumi a bakina, ina sakawa a buhu ina lissafin kuɗin kowace ɗaya. Kafin sallah abin da ya rage bai kai 300 ba, su ma 'yan sari suka zo suka taya yadda suka ga dama don sun san duk kwanan da kaza ta ƙara abinci take ci ba nama take ƙarawa ba.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni na ce ai na koyi darasi, na sake zubawa bayan damina, wannan karon na ɗan fita da kuɗina ba riba ba asara, sai zuciya ta ce ka gani ko. Zubi na uku shi ne ya isa sayarwa a Fabrairun 2023, daidai lokacin canjin kuɗi da mutane ke kwana a layin banki don dubu biyar. Wa zai sayi kaza? Masu suya da masu sari duk da tsabar kuɗi suke harka, taransifa kuma ka tura ta maƙale kwana biyu. Kaji suka kai sati tara suna ci, na ƙarshe bashi na raba su, akwai waɗanda har yau in mun haɗu a masallaci sai su sauya sahu. Da na zauna na yi lissafi, fiye da rabin dunƙulen da na karɓa ya tafi. Wata uku bayan nan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, fanshon wata da dama da ƙyar yake kai mu sati uku ya koma kamar kuɗin cefanen kwana goma, na jingine mota na koma hawa babur ɗin yarona.

A wannan tsakanin na zama wani irin mutum a gida. Ni da ban san inda ake ajiye gishiri ba sai ga ni ina tambayar me ya sa gas ya ƙare da wuri, wa ya bar fitilar banɗaki a kunne, magi nawa aka saka a miya. Rannan Hajiya ta ajiye ludayi ta ce "Malam, shekara talatin ina riƙe da gidan nan kana ofis ba mu taɓa kwana da yunwa ba, don girman Allah ka samo abin yi a waje." Ta faɗa a hankali amma ta shige ni. A satin ne kuma na je asibiti saboda ciwon kai da ya ƙi tafiya aka ce jinina ya hau, aka ɗora ni a magani aka ce in rage gishiri in riƙa tattaki. Tun daga lokacin in an idar da asuba ba na komawa gado, nakan zaga unguwa na minti arba'in, kuma a wannan zagayen ne na lura da wani yaro ɗan maƙwabcinmu, bai fi shekara 25 ba, kullum yana share garken tumaki guda shida a wani ɗan lungu.

Ni fa ɗan ƙauye ne, da kiwo na tashi, kafin a sa ni a boko ni ke kai tumakin kakata bakin fadama. Amma da na tashi neman sana'a sai na tsallake abin da na sani na tafi wanda ake yi da takarda da allura, don a ganina shi ya dace da tsohon ma'aikaci mai mataki. Girman kai ne ba wani abu ba. Na fara tsayawa wajen yaron muna hira, da farko yana jin nauyina, komai na ce sai ya ce "haka ne Baba", sai da na ce masa kai ni fa koyo na zo yi, in na yi shirme ka faɗa min. Ai kuwa ya faɗa. Ya ce kejin kajin nan naka in aka fasa bangon gefe iska ta shiga ya isa garke, kuma kada ka sayi rago mai ƙiba, ramamme za ka nema mai dogon ƙashi da faɗin baya, ƙibar kai za ka saka masa.

Tare muka je Wudil ranar Juma'a, wani satin kuma muka yi asubanci zuwa Maigatari ranar Alhamis, a lokacin boda na rufe saboda juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 don haka dabbobin da ke gangarowa daga can sun yi ƙaranci kuma sun yi tsada, dillalai sai ƙorafi suke. Na zuba ido ina kallon yadda yaron ke buɗe bakin rago ya duba haƙora ya san shekarunsa, ya shafa gadon baya, ya duba hanci ko yana yoyo, ya yi kamar zai tafi dillali ya jawo shi. Raguna takwas na saya, Balami biyar Uda uku, na ƙi Yankasa don su ba sa yin girman da masu layya na birni ke so duk da sun fi juriya. Muna dawowa aka ba su maganin tsutsa aka yi musu allura, kuma na bi shawararsa na sayi harawa da ƙaiƙayin wake da dusa tun da kaka suna araha na cika ɗaki ɗaya, don wanda ya bari sai bazara zai saya to ribarsa mai harawa zai ba.

Tunkiya ba kaza ba ce, tana ba ka lokaci. In rago ya ƙi cin abinci da safe kana da wuni guda ka nemo malamin dabbobi, ba wai ka shiga sallah ka fito ka tarar da gawa arba'in ba. Kuma in kasuwa ba ta yi ba ka mayar da abinka gida. Guda ɗaya na rasa, shi ma laifina ne, leda ya ci a bola da na bar ƙofa a buɗe. Babbar sallar 2024 da aka yi a tsakiyar Yuni na sayar da shida a ƙofar gida ba tare da na kai kasuwa ba, ɗaya na yi layya da shi, karon farko a rayuwata da na yanka abin da na kiwata da hannuna ba wanda na ci bashin ofis na saya ba. Ribar ba ta mayar da abin da kaji suka ci ba, ko kusa, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa za ta mayar. Ta dai biya kuɗin makarantar auta na zango biyu, ta kuma sake cika garken.

Yanzu ranata ta samu tsari. Asuba, tattaki, shara da ba dabbobi ruwa da dusa, ƙarfe tara in tafi makarantar manya da ke masallacin unguwa inda muke gyara karatun Alƙur'ani mu goma sha ɗaya duk masu furfura, malaminmu sa'an ɗana na biyu ne kuma ba ya jin kunyar ce min "Baba sake, ba ka ja maddin ba." Wani lokacin abin yana min ciwo, mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa mutane takarda da jan biro. Sai in sake.

Jiya da yamma wani abokin aikina da zai fita a watan gobe ya zo har gida, ya same ni a garke da tsohuwar riga ina kankare kwanon ruwa. Ya daɗe yana kallon ragunan sannan ya ce shi fa an yi masa wani lissafi na kifi, tarwaɗa dubu biyu a tanki, wata huɗu ka kwashe. Na ce masa ya ɗauko kujera, na leƙa cikin gida na ce Hajiya ta ɗora mana shayi kada ta sa sukari a nawa.