Hilux ɗin da na saya babu farfelar gaba

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo. Da zarar kaka ta yi, ba na zama a Kano, ina can ƙauyukan arewacin Gumel da Maigatari, inda kwalta ke ƙarewa a bar mutum da rairayi. Na daɗe ina ɗaukar shatar mota, har na ga gara in mallaki tawa mai jan taya huɗu, wadda direbobi ke ce wa mai ogzilari.

Wani dillali ya kira ni bayan la'asar, ya ce ga wata Hilux ta shigo, fara, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, ƙirar nan da aka yi ta yi daga 2005 zuwa 2015. Ko da na isa magariba ta kawo jiki. An wanke ta fes, an shafe tayoyin da mai, inji kuwa kamar ka ci tuwo a kai. Muka zaga da ita a kan kwalta, ba ƙara, ba hayaƙi. Na ja ƙaramar giyar nan da ke gefen babbar zuwa H4, wato jan taya huɗu, fitilar ogzilari ta kama a gaban sitiyari. Ya ce, "Alhaji, ai ka gani da idonka." Ya ƙara da cewa akwai mai zuwa da kuɗi gobe da safe. A daren na ba da kafin alƙalami.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na lodo buhuna daga wani ƙauye na nufo titi. A wani kwari mai yashi mota ta kafe. Na sa H4, na taka, tayoyin baya suka yi ta tono. Na tsaya na sa L4, giyar da ke jan taya huɗu a hankali da ƙarfi, sai ƙara nutsewa take yi. Wani dattijo mai amalanken shanu ya tsuguna ya duba, ya ce, "Ɗana, ƙafafun gaban nan ai barci suke yi." Sai da muka sauke buhunan kaf, aka ɗaura igiya, bijimansa biyu na ja, samari na turawa, sannan ta fito. Kasuwa ta riga ta watse.

Washegari bakanikena ya hau da ita kan rami, ya haska da tocila, ya ce, "Alhaji, sauko ka gani." Na sauka. Inda ya kamata a ce ga farfelar da ke kai ƙarfi daga akwatin ogzilari zuwa aksul ɗin gaba, babu komai sai ramukan noti, ƙura ta cike su. Da ya kwance akwatin sai ga dalili: sarƙar da ke ciki ta saki, tana ƙara, maimakon a gyara sai aka cire farfelar aka yi shiru. Fitilar da na gani kuwa, ita dai ta san an motsa giya, ba ta san ko ƙarfi ya isa taya ba. Na yi ta zarya a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa kafin a haɗa kayan, kuma ribar kakar nan a nan ta tafi. Da na koma wa dillalin, cewa ya yi yadda aka kawo ta haka ya sayar.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, tsugunno ɗaya da rana tsaka ya isa ya nuna mini wannan.

Don haka da ƙanena ya tashi sayen tasa, na ce ba zai biya ko sisi ba sai mun shiga ƙarƙashinta da bakanike, da hantsi, inji a sanyaye. Motar da ka tarar an riga an tayar da ita ta yi zafi, akwai abin da ba a so ka ji a tashin farko. A cikin rami mukan fara da farfela biyu, ta gaba da ta baya, a kama kowace a girgiza. Sai robobin shaf na gaba, in sun yage yashi ya riga ya shiga. Sai a kwance notin man aksul a tsoma yatsa: in man ya fito fari-fari kamar an dama da nono, motar ta sha ruwa. Sai shasi, a bi shi daga gaba har baya ana neman walda ko sabon baƙin fenti a wuri guda. Masu zuwa daga Amurka da Kanada, irin su 4Runner da Tacoma, tsatsa ce ke cin su ta ƙasa saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Hilux kuwa ba a sayar da ita a Amurka. Yawancin waɗanda na gani a kasuwa daga hannun kamfanoni da ma'aikatu suka fito, direba goma ya tuƙa mota ɗaya. Lissafin kilomita ana iya mayar da shi baya, amma robar fedar birki da kujerar direba ba sa ɓoye shekarunsu.

Takardu ma sai an zauna a kansu. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, mu kan karanta ta ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙarfen, mu gwada da ta takardar kwastan. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, don haka in aka ce maka ta Kwatano ta biyo, ka tambayi yadda aka biya kuɗin fito. Akwai kuma waɗanda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Waɗannan ko kyauta ba na son ɗan'uwana ya ɗora iyalinsa a ciki.

Gwajin ogzilari ba a kan kwalta ake yin sa ba. A irin wannan Hilux ɗin, in ka sa H4 gaba da baya a kulle suke tare, tafiya da ita haka a busasshen titi ma ɓarna ce. Sai a yashi. Mota biyu muka bari saboda masu su sun ƙi yarda a fita da su gari. Na ukun ya ce mu zuba mai mu je. Muka gangara bakin kogin Challawa inda tifofi ke ɗibar yashi, ƙanena ya shiga da ita a H2, wato jan tayoyin baya kaɗai, har ta fara tono, ya tsaya ya sa L4. Ni ina tsugune a gefen tayar gaba, na ga ta kama yashi ta watso mini a riga, motar ta taso ta fito a hankali. A nan bakin kogin muka fara maganar kuɗi.