Tarihin Rayuwata, kashi na 6: Ni da darasin desen teknik

Salamu alaikum 'yan uwa, wancan mako mun tsaya inda na ci BEPC na baro Tahoua na sauka gidan kawuna a Yamai, unguwar Bukoki. To yau maganar desen teknik ce, wato zanen abu da awonshi daidai don a ƙera shi, darasin da har yanzu da shi nike cin abinci.

Kayan aiki kawai sai da kawu ya kwashe kuɗin ƙofa guda da ya yi walda ya saya mani, kompa, regil, gom, ekar biyu na jan kusurwa, ta digiri 45 da ta 30/60, kirayon 2H na layi siriri da HB na mai kauri. Takarda A3 ce, milimita 297 da 420, kuma ba ka fara komi sai ka ja kartush, wato ɗan akwatin bayani, a kusurwar ƙasa ta dama ka sa suna da eshel, wato yadda awon zane yake in an gwada shi da na ainihin abu.

Mushenmu ba ya son surutu. Sai ya aje guntun itace mai rami bisa tabur ya ce ku dube ta gaba, ta sama, ta hagu, ku zana. Nan ne 'yan kilas da yawa suka jigata, don a tsarin Turai da ake koya mana abin da ka hango ta sama ƙasa ake zana shi, na hagu kuma ya koma dama, sannan gefen da ido bai gani ba shi ma dole ya fito da layi tsinke-tsinke, ba a yarda ka bar shi ba. Wallahi wannan ɓoyayyen layin shi ya sa na kamu da son darasin, sai ka riƙa shiga cikin abu da tunani tun ba ka fasa shi ba.

Kawu mai walda ne, hannunshi ya ƙware amma bai yi lakkwal ba. Ran nan wani ɗan kwangila ya kawo mashi fulan na ƙofar gareji a eshel 1/20, ya juya takarda ya juya, sai ya ce "kai yaro, zo ka duba mani wanga abu." Na ce Kawu, santimita guda a nan 20 ce a ƙarfe. Na fidda mashi awo duka, ya yanka, ƙofa ta shiga cif. Daga ranar nan duk takardar da ta shigo ateliye ni ake jira in taso lise.

Mako mai zuwa in sha Allah za ku ji yadda na fara taɓa AutoCAD, manhajar yin irin wannan zane a kwamfuta.