Mai Huci A Rufin Ɗakin Hatsi

Asabar, da dare.

Ko karyawa ban yi ba Inna ta aiko a kira ni. Wai kwana da kwanaki wani abu na huci a rufin tsohon ɗakin hatsi, jiya kuma wani farin abu ya fito da ihu mai tayar da tsigar jiki. Har an fara zancen hayaƙi.

Raina ya ba ni mujiya ce. Na ce, "Inna, yaya fuskarta take?"

"Fara fat, ido baƙi ƙirin. Kai dai ka raba mu da ita."

"Akwai tukkaye a kanta?"

"Babu."

Magana ta ƙare, farar mujiya ce. Ita ba ta kukan "huu-huu", tsawa take yi mai kaifi, kuma tana son rufin gini da kangaye. Hucin nan na 'ya'yanta ne, abinci suke roƙo. A ƙasa na tarar da baƙaƙen dunƙulen da take amayarwa, domin haɗiye abin da ta kama take yi ɗungum, daga baya ta fitar da gashi da ƙashi. Na fasa ɗaya da tsinke, sai ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa. Inna, wadda kullum kukanta ɓeraye sun gama mata da gero, ta daɗe tana kallo. Na tuna mata hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim wanda ya kore camfi da mujiya. Da ƙyar ta yarda a bar su har 'ya'yan su tashi.

Bayan azahar yaran layinmu suka zo da nasu: mujiya da rana tsaka a kan darbejiya, wai mai ido huɗu! Dariya na yi, amma gaskiyarsu. Akwai 'yar ƙarama da tsawonta bai wuce kamar santimita 20 ba, idonta rawaya, tana da baƙin ɗigo biyu a ƙeya. Tana farauta da rana, kukanta fito ne da ke hawa sama a hankali. Ban sha wuyar nemanta ba, ƙananan tsuntsaye sun yanyame ta da hayaniya. Ni dai na fi amincewa da rahoton yara, abin da suka gani suke faɗa, manya kuwa tsoro ke ƙara musu gishiri.

Ana idar da isha ƙanena ya turo saƙon murya daga Dutse. Ya ga wata mai ruwan toka da tukkaye biyu a kan dutse, "ƙatuwa, Yaya, wallahi." Da magariba kowace mujiya ƙatuwa ce. Na ce gobe ya dubi idon. In ruwan lemo ne, fuskar fara da baƙin zagaye, ƙaramar mai tukkaye ce, wadda ke tsuke jiki ta yi siriri in ta ga abin tsoro. In baƙi ne, babbar nan ce mai zama cikin duwatsu. Na kuma gargaɗe shi kada abokansa su je da danƙo.