Murar Yaya a Delhi

Daga Kano zuwa Addis Ababa babu abin labari, sai tsadar ruwan sha a filin jirgi. Indiya muka koma domin a duba ƙodar da aka dasa wa Yaya, wadda ni na ba shi, tunda dokar dashe ta ƙasar, ta 1994, ta fi sauƙaƙa wa ɗan'uwa na jini.

Wurin duba fasfo muka fara cin karo da rashin mutunci. Wani jami'i ya sa Yaya ya cire takunkumi, ya bar shi tsaye cikin layin da kowa ke tari, yana ta hira da abokin aikinsa. Da na ce masa mutumin nan mai dashe ne, ko kallona bai yi ba.

Watan Nuwamba ne. Mu Kanawa muna taƙama mun san hazo, amma na Delhi hayaƙi ne zalla, na motoci da na karan shinkafar da ake ƙonawa a gonakin Punjab da Haryana. Har ɗaci za ka ji a maƙogwaro.

Ba a jima ba Yaya ya fara atishawa da majina. "Mura ce kawai, ƙane, leƙa kemis ka sayo min magani," in ji shi. Mai masaukinmu a unguwar Nizamuddin, wani dattijo mai jan gemun lalle, ya ji mu. Ya saba saukar da masu jinya, sai ya girgiza kai, ya tare mana adaidaita sahu da kansa, ya biya, ya raka mu har asibiti. Kullum da asuba kuma yana aiko mana da shayi mai citta, bai taɓa sa shi a lissafi ba. Allah Ya saka masa.

Likitar ba ta ɗauki abin da wasa ba. Nan take aka zura wa Yaya tsinken auduga a hanci, gwaji ya nuna influenza ce, wato mura mai tsanani. Ta zaunar da mu ta yi bayani: tacrolimus da mycophenolate da prednisolone da yake sha suna danne garkuwar jikinsa ne don kada ta yaƙi baƙuwar ƙodar. Saboda haka ƙwayar da mai lafiya ke rabuwa da ita cikin mako guda, a jikinsa tana iya yin makonni, ta gangara huhu ta zama namoniya, wani lokaci ko zazzaɓi ba za a gani ba. Ta ce masu dashen huhu sun fi kowa shan wuya. Ta rubuta oseltamivir, maganin influenza, daidai da ƙarfin aikin ƙodarsa, sannan ta ja mana kunne kan ibuprofen, mai cutar da ƙoda, da clarithromycin, mai sa tacrolimus taruwa a jini. A gida kuwa waɗannan ne yaron kemis zai ƙulla maka a leda ba tare da tambaya ɗaya ba. Rigakafin mura, ta ce, kowace shekara, na allura ba na feshin hanci ba, kuma har mu 'yan gida.

An kwantar da shi, ana sauraron ƙirjinsa safe da yamma. Alhamdulillahi, bai kai ga iskar oksijin ba.

Magani a can araha ne har abin ya ba ni haushi, don na san nawa muke zubarwa a Kano kan kwali iri ɗaya. Na cika jaka. Direbobin adaidaita kuwa, da sun ga baƙar fata sai farashi ya ninka, amma ɗan Kwari ba a koya masa ciniki.

Juma'a na yi ta a Jama Masjid ni kaɗai. Agra da Taj Mahal sai wani jiƙon. Da muka dawo gida Hajiya ta ajiye buta da sabulu a bakin zaure, Kawu kuma har yau yana fushi wai Yaya ya gaishe shi daga nesa.