Masarar da ta nuna a tsakiyar damina

Mun gama kwashe masarar gonar da na kama haya a bayan Imota, kan hanyar Ikorodu zuwa Epe a jihar Legas, kuma alhamdu lillahi ba mu tashi a tutar babu ba. Amma duk wanda ya tare ni a Agege ya ce "ya amfanin gona?", labarin shanya kawai nake ba shi. Noman kansa bai wahalar da ni ba. Ni mutumin Saminaka ne, a cikin masara na buɗe ido. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta leƙo, muka bi ta da feshi da yamma a cikin ƙoƙon kowace shuka, ta lafa. Taki ya shiga a kan kari. Masara ta yi goyo har masu wucewa suna tsayawa kallo.

A gida wa yake damuwa da shanya? Ruwa ya ɗauke a Oktoba, iska ta bushe, ka bar masara a jikin karanta har ta yi ƙayau, ka zo ka karye abinka. A nan na shuka da ruwan Afrilu, ta nuna a ƙarshen Yuli. Kowa ya ce mini ruwa yana hutawa a watan Agusta a wannan yanki, kuma gaskiya ne, ya huta. Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne hutun nan ba ya zuwa da rana. Gari a lumshe, gajimare a rufe, iskar da ke tasowa daga teku jiƙe take. Ka shimfiɗa masara a kan tamfol tun hantsi, la'asar ta yi ka sa ƙwaya a baki, sai ta lotsa a haƙori maimakon ta fashe. Da dare mu tattara mu rufe saboda yayyafi, da safe ka cusa hannu cikin tarin ka ji ɗumi. Wannan ɗumin shi ne ya cinye ni. Masarar da aka tara da danshi zufa take yi, daga zufa sai fumfuna, kore-kore da baƙi-baƙi a tsakanin ƙwayoyi, musamman goyon da tsutsa ta riga ta huda bakinsa.

Har yanzu idan na tuna raina yana sosuwa, domin masarar nan ta gama komai nata, a hannuna ta lalace.

Na ɗauki ƴan ƙwadago muka zauna tsinta, goyo ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka ware ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Wani abokin kasuwancinmu a Mile 12 ya ce, "Alhaji, a casa a gauraya da mai kyau mana, wa zai gane?" Na ce masa, "Malam, kaji za su gane, kuma Allah ya riga ya gani." Fumfunar masara ba datti ba ce da za a sheƙe ta tafi. Tana haifar da guba da ake kira aflatoxin, wadda dafuwa ba ta kashewa, tana lalata hanta, tana tsumburar da yara, kaji kuma su daina ƙwai ko su mutu. Mun haƙa rami mun binne wadda ta ɓaci.

Ko mai kyan ma sai da ta sha ragi. Masu haɗa abincin kaji ba sa sayen masara da ido, na'ura suke cusawa cikin buhu ta nuna yawan danshi. Abin da ake so shi ne kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka, tawa kuwa ta haura, aka zaftare farashi ina tsaye. Wanda ba shi da na'urar yana iya gwadawa da busasshen gishiri: a zuba shi da ƙwayar masara cikin busasshiyar kwalba, a girgiza sosai, a bari ta ɗan zauna. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta isa shiga buhu ba. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwari saboda yana hana iska shiga, amma in ka ɗaure masara mai danshi a cikinsa ka ƙara mata ruɓa ne kawai.

Dattijon Bayarabe da gonarsa ke jikin tawa ya sayar da tasa tun tana ɗanya, mata masu gasawa da dafawa suka zo har gona suka kwashe. Da na je gaishe shi ya ce, "Ɗana, ta farko ta wuta ce, ta biyu ta buhu." Na ce, "Baba, na ji."

A kan haka na tsara baɗi. Shukar Afrilu duka ɗanya za ta tafi, kuma ba rana ɗaya zan shuka ba, kashi-kashi zan yi da tazarar mako biyu don kada ta nuna lokaci guda ta faɗo da farashi. Ta ajiya sai ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, iri mai saurin nuna, ta sha ruwan Satumba da Oktoba, a karye ta a Disamba lokacin da ɗan hunturun Legas ya leƙo. Zan watsa Aflasafe, maganin rage gubar aflatoxin wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure. Kafin in sayi ko buhun taki ɗaya kuma, sai na kafa rumfar shanya mai rufin kwano, daɓenta a ɗage daga ƙasa, gefenta a buɗe iska na ratsawa, goyo a baje ba a tare ba.

Wasu na ta zuga ni in koma shinkafa tunda an buɗe babban injin casa na Imota a 2023. Gonata tudu ce, kuma ba ni da yaran da za su wuni korar tsuntsaye. Gefen da ruwa ke kwanciya dai zan sa rogo a kan kunya mai tsayi, sauran duka masara ce.