A ina kake kwana?

Ofishina ɗaki ɗaya ne a Houston ta jihar Texas a Amurka, teburi biyu, ni da wata yarinya mai ɗaga waya. Dillancin inshorar lafiya nake yi wa masu ritaya. Kamfanoni ke biyana kamasho, wanda ya zo neman shawara ba ya ba ni ko sisi. Kakarmu daga 15 ga Oktoba ce zuwa 7 ga Disamba, lokacin da ake barin mutum ya sauya tsari, abincin rana ma a tsaye nake cinsa.

Duk wanda ya zauna gabana, kafin mu kai ga hawan jini ko suga, sai na tambaye shi inda yake kwana. Wasu dariya suke yi.

Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati da ake shiga a shekara 65, kashi 80 na kuɗin likita yake biya. Sauran 20 ɗin na wuyanka, kuma ba shi da iyaka. Ko dai ka sayi Medigap, ƙarin inshora daga kamfani, ya cike giɓin, ya bi ka duk inda likita ke karɓar Medicare a faɗin Amurka, ko ka shiga Advantage, tsarin Medicare da kamfani ke gudanarwa, wanda sau da yawa babu ƙarin biyan wata, amma a ɗaure yake da gundumarka da likitocinta.

Ina sabon shiga na yi aika-aika. Wasu Turawa mata da miji suka ba ni adireshin 'yarsu, ban tsananta tambaya ba, na sa su a Advantage. Ashe sun sayar da gidansu sun sayi motar nan mai gado da kicin, yawo kawai suke yi. Bayan shekara biyu gwiwar mijin ta matsa masa a Arizona. Ba larurar gaggawa ba ce, kamfani ya ce ba ruwansa. Matar ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba, ta dai karanta mini takardar kuɗin layi-layi, da ma zagina ta yi. Na nema masa Medigap, amma wata shidan farko da ake sayarwa ba tare da binciken lafiya ba sun daɗe da wucewa, ga shi da suga. Aka ƙi shi.

Irin waɗannan matafiya galibi jihar Dakota ta Kudu ko Texas ko Florida suke mayarwa gida a takarda, don babu harajin jiha a kan kuɗin shiga. A garin Livingston, arewa da mu, akwai masu adireshi da akwatin wasiƙa ne kawai. Da wannan adireshin ake yanka musu farashi, kuma sai ina da lasisin jihar kafin in sayar musu.

Namu yawon daban ne. Wani dattijo tsohon direban tasi ya zo da tikitinsa, wata takwas zai yi a Kano. Na ce, "Baba, ban da wasu lokuta ƙalilan, Medicare ba ya tsallake iyaka. Tsarin G na Medigap zai biya kashi 80 na gaggawa a waje bayan ka fitar da dala 250, a kwana 60 na farkon tafiya kaɗai, kuma dala 50,000 ce iyakarsa har ƙarshen rai. Advantage ɗin da kake ciki kuwa, in ka wuce wata shida a waje za su iya cire ka."

Ya ce to a dakatar da sashen B, wato ɓangaren likita na Medicare da ake biya duk wata, ba zai riƙa biyan abin da ba ya ci ba. Na ce in ya bari, ba ya dawowa sai tsakanin Janairu da Maris, kuma duk shekarar da ya yi babu shi za a ɗora masa kashi 10 a kan kuɗin wata har abada.

Ya cire hula ya sosa kai, ya daɗe yana duban tikitin. "Ɗana, kira mini masu jirgin nan, a dawo da ranar dawowata baya da wata uku."